Mangwaron Bayan Gidanmu Ya Kai Awo

Mahaifina bai taɓa son itatuwa ba. Gara in faɗi wannan tun farko, domin duk wanda ya ji cewa ya yi shekara talatin da ɗaya a ofishin kula da itatuwan birni sai ya ɗauka irin mutanen nan ne masu shafa ganye suna yi masa hira. Ina. Baba bai san sunan rabin itatuwan da ya auna ba. In ka nuna masa bishiya ka ce wace iri ce wannan, sai ya ce maka lamba kaza ce, kaurinta kaza. Abin da yake so a duniya tef ɗinsa ne, da sandarsa, da wani littafin doka mai koren bango da ya haddace tun daga farko har ƙarshe. Shi ya sa kaf unguwarmu ba mai kiransa da sunansa, sai Baba Mai Tef.

Dokar ba ta da wuyar ganewa. Duk bishiyar da ke cikin birni, a bakin titi take ko a tsakar gidanka, in kaurin jikinta ya kai mita ɗaya zagaye, to ta fita daga hannunka. Za a zo a buga mata ɗan farantin ƙarfe mai lamba. Daga ranar ba sara, ba yanke reshe sai da takarda, ba kuma haƙa tushen gini sai ka ja baya mita uku daga gindinta. Wadda ba ta kai ba taka ce, ka yi yadda kake so, amma kafin ka sa gatari sai ma'aikaci ya zo ya auna ya sa hannu.

Lokacin da Baba ya fara aiki, a daidai ƙirji ake awo. Ƙirjin wa? Ƙirjin duk ma'aikacin da aka turo. Ita kuwa bishiya, kowa ya sani, tana da kauri a ƙasa, tana sirancewa in ana yin sama. Ba a daɗe ba mutanen gari suka gano wannan, suka riƙa zuwa ofis suna roƙon a turo musu wani dogon ma'aikaci da ake da shi a lokacin. Baba gajere ne, don haka ba mai son ganinsa a ƙofar gida. Wani zai ji haushi ya haƙura. Shi sai da ya yi shekara huɗu yana rubuta wa manyansa takarda, har suka gaji da shi suka yarda a yanka sanda guda, tsawo ɗaya, a ba kowane ma'aikaci. A kafa ta a gindin bishiya, inda kanta ya tsaya nan ake zagaya tef. Ya fi alfahari da sandar nan fiye da yadda ya yi da mu 'ya'yansa, kuma ba na faɗin haka da wasa.

Mun sha shi a gida. Mutane sukan zo da yamma da ɗan abin hannu, wani turmin atamfa, wani kaji biyu a ɗaure, su ce gaisuwa kawai suka zo yi. Baba zai karɓe su hannu bibbiyu, a kawo ruwa, a yi hira, in sun tashi tafiya ya ɗauki kayan da kansa ya raka su har titi ya ɗora musu a hannu. Marigayiya mahaifiyarmu takan tsaya a taga tana kallon atamfar tana tafiya, ta ce, "Sai wata rana, 'yar uwa." Ƙanensa ma bai tsira ba. Baffa yana son faɗaɗa garejinsa, Baba ya je ya auna bishiyar ƙofar garejin, ya buga mata lamba, ya tsaya aka ci abinci da shi, ya dawo gida. Shekara shida Baffa bai tako gidanmu ba. Ni dai ban taɓa jin Baba ya ce abin ya dame shi ba.

Gidanmu bene ne mai hawa biyu, amma sama ce kawai tamu. Ƙasa ta wasu ce, iyali ne babba, ko kusurwar da za su ajiye buhu ba su da ita. Abin da Baba ya mallaka shi ne ɗakuna uku na sama da ɗan filin baya, mita huɗu da biyar, wanda ƙofarsa ke buɗewa cikin lungu. Matakalarmu a waje take, siririya, ga kwana a tsakiya, in kana ɗauke da bokiti biyu sai ka karkace. A tsakiyar filin nan mangwaron yake. Ba wanda ya shuka shi. Wani ne ya sha ya jefar da ƙwallon kusa da magudanar ruwa, ya tsiro, aka yi ta cewa za a cire, ba a cire ba. 'Ya'yansa ga tsami ga zare, ko tsuntsaye sai sun rasa abin yi suke taɓawa.

Shekara uku da barin aikinsa, wata safiya Baba ya faɗi a banɗaki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta koma fita da ƙyar. Ni ce autarsa, mijina ya rasu, ba ni da ƙananan yara, don haka ba sai an yi taro ba aka san wa zai zauna da shi. Na rufe shagona na ɗinki, aka hawo mini da kekena sama, na ajiye shi a falo. Yayana direban babbar mota ne, sai ya yi sati biyu a hanya.

Sau uku aka sauko da Baba a shekarar farko, duk don asibiti. Keken marasa lafiya ba ya bin kwanar matakalar, sai dai a sa shi a bargo, maza uku su kama. A na ukun ƙafarsa marar lafiya ta maƙale a ƙarfen kwanar, wandonsa ya zame, matan ƙasa na tsaye da tsintsiya a hannu suna kallo. Ba su yi dariya ba, bayin Allah, sun ma kau da kai. Amma da muka dawo aka kwantar da shi, ya kira ni.

"Uwata," ya ce, don haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa gare ni. "Kada a sake sa ni a bargo sai in gawata ce."

Tun daga nan bai ƙara sauka ba. Malamin asibiti ke zuwa gida. Duniyarsa ta koma gado, kujera, da tagar da ke kallon filin baya. Abokan hirarsa tsofaffi ne, gwiwa ta hana su hawa, sai su tsaya a lungu su ɗaga murya: "Mai Tef, ya jiki?" Shi kuma muryarsa ba ta kai musu, sai in leƙa in amsa a madadinsa. Da farko su biyar ne, kullum bayan la'asar. Aka koma uku. Aka koma mutum ɗaya, wani tsohon mai gyaran agogo, shi ma sai ranar da ya tuna. Ban ga laifinsu ba, wa zai jure hira da taga? Ni kaina ba na wuce minti ashirin a waje. In na sauka sayen gishiri da gudu nake dawowa, ina jin tsoron ya nemi tashi ya faɗi.

Yaya ne ya kawo maganar ɗaki. A gina ɗaya a filin baya, da ɗan banɗaki, ƙofa ta kalli lungu. In gari ya waye a tura shi a keke ya sha iska, ya ga mutane, ya je masallacin da ke bakin lungun. Ranar na ga abin da na daɗe ban gani ba, Baba ya yi murmushi da ɓarin bakinsa mai lafiya. Har cewa ya yi a yi ƙofar da faɗi. Aka kira magini, ya zo ya zagaya filin, ya ce ba wata dabara, sai an cire mangwaron, domin yana nan daidai inda gado zai zauna.

Da magini ya tafi na ɗauki tef ɗina na ɗinki na sauka. Na san tsawon sandar kamar yadda na san tsawon hannuna, a gabana aka yi ta maganarta tun ina 'yar firamare. Na auna. Casa'in da shida. Saura santimita huɗu, faɗin yatsu biyu da ɗan wani abu. Na hau da saurina na faɗa.

"To shi ke nan," in ji Yaya. "Baba, gobe zan aro zarto, kafin azahar an gama. Wa zai sani?"

"Ni," Baba ya ce.

"Ba ta kai ba fa. Auta ta auna."

"Uwata tela ce. A kai takarda ofis."

Yaya ya dube ni, na dube shi. Ya yi ta lallashi, ya yi faɗa, ya koma lallashi. Baba ya juya fuska bango. Ni da na san hali, sai na ce a bar shi, a bi yadda yake so, ai santimita huɗu ba wasa ba ne. Wannan maganar tawa har yau in na tuna ta sai in ji kamar in mari kaina.

Na kai takarda. Akawun ofis ya ce ma'aikata uku ne kacal ke auna duk ɓangarenmu na gari, layi kuma ya yi tsawo. Da ya ga sunan Baba sai ya miƙe tsaye, ya ce ai wannan ba sai an jira ba, zai ɗora ta a sama, cikin satin nan za a zo. Na dawo gida ina murna, bakina ya ƙi rufuwa, na ba Baba labari. Kuskurena na biyu ke nan. Ya sa na kira akawun a waya, na kara masa a kunne, ya tattara duk ƙarfin harshensa ya ce, "A bi layi."

Aka bi layi. Wata biyar, kuma cikinsu damina ta sauka.

Ban taɓa tsanar ruwan sama ba sai a shekarar. In hadari ya haɗu mutane na murna, ni ina tsaye a taga ina harararsa. Na daina zubar da ruwan wanke-wanke a magudanar, sai in ɗauka har titi. Duk ranar Asabar ina sauka da tef a ɓoye cikin zani. Casa'in da bakwai. Casa'in da takwas. Shegen mangwaron da ya yi shekaru yana zaune kamar an shanya shi, sai a lokacin ya ga damar ƙiba. Wata rana har na ɗauko wuƙa zan fere ɓawon ta yadda tef zai kwanta, sai na tuna: bishiyar da aka samu an fere ta, ana ɗaukarta ta kai awo ko ba ta kai ba. Na tuna da zuba ƙasa a gindi don sanda ta ɗaga, na tuna an rubuta cewa ma'aikaci zai share sabuwar ƙasa kafin ya kafa sanda. Duk wata ƙofa da na murɗa sai in tarar an kulle, kuma na san hannun da ya kulle ta. Yana sama yana jira in kawo masa ruwan alwala.

Ranar da aka zo, Yaya na gida. Wadda aka turo mace ce mai tabarau, ta kai shekara arba'in, kuma Baba ne ya koya mata aiki tun tana sabuwar ɗauka. Ba ta tsaya a fili ba, sai da ta hawo ta gaishe shi. Ta durƙusa a bakin gado ta ce, "Malam, ina wuni." Na ga idonta yana zagaya ɗakin: bokitin da ke ƙarƙashin gado, keken marasa lafiya a naɗe bayan ƙofa da ƙura a tayoyinsa, shimfiɗar roba, ƙafafunsa da suka kumbura. Ta tambaye ni a hankali yaushe rabonsa da ƙasa. Na faɗa mata. Ta gyara tabarau ta ce mu je.

Muka sauka mu uku. Yaya ya riga ya gyara wa Baba kujera a bakin taga, don ya ce yana son ya gani. Mai tabarau ta tsaya gaban mangwaron ta dube shi daga ƙasa zuwa sama. Ta ciro tef. Na lura hannunta ba sanda. Ta zagaya tef ɗin can wajen kafaɗarta, ta ja shi tamau, ta ce a fili, "Casa'in da takwas. Ba ta kai ba." Ta buɗe littafi ta fara rubutu. Yaya ya damƙe mini hannu har na ji zafi.

"Ina sandarki?"

Baba ne. Mutumin da in yana son ruwa sai na kai kunne bakinsa, ranar muryarsa ta sauko har fili, kowane harafi a wurinsa.

Mai tabarau ba ta ɗaga kai ba. "Na manta ta a mota, Malam."

"Motar ta yi nisa ne?"

"Baba," na ce, "don girman Allah ka yi shiru."

Ko kallona bai yi ba, ya ce wa mai tabarau, "Je ki ɗauko."

Ta tsaya riƙe da alƙalami. Na ce mata ƙasa-ƙasa ta sa hannu kawai, tsoho ne, ba shi da lafiya, ba shi ne shugabanta ba yanzu. Ta dube ni, idonta ya kaɗa. "Anti, ba zan iya ba yana kallona," ta ce. Ta fita lungu, ta dawo da sandar. Ta share ganyen gindin da ƙafa, ta kafa, ta sauko da tef wajen tafin hannu guda daga inda ta sa shi da farko. Ta daɗe tana duban lambar, sannan ta faɗa a ciki.

"Ban ji ba," in ji Baba.

"Mita ɗaya da santimita ɗaya, Malam."

"To."

Ta ciro farantin da ƙusa da guduma daga jaka. Sau biyu ƙusar na faɗuwa daga hannunta. Da ta gama ba ta hau yi masa sallama ba, ta ce in ba shi haƙuri, ta tafi. Yaya ya bi bayanta ya fice, ko jakarsa bai hau ya ɗauka ba, kuma sai da ya yi wata biyu bai leƙo mu ba.

Ni na hau. Ban san na iya magana haka ba sai ranar. Na ce masa santimita ɗaya ya sayar da mu a kai. Na ce gaskiyarsa ta zame mana bala'i tun muna yara, ta ci mahaifiyarmu, ta raba shi da ɗan'uwansa, yanzu ta rufe shi a ɗaki ta haɗa da ni. Na ce shi ya zaɓa, ni wa ya tambaye ni? Na ce ina da shekara arba'in da uku, rabona da in zauna a gidan ƙawata in sha ruwa a natse har na manta. Na ce bishiyar da ko 'ya'yanta ba a sha. Ina yi ina kuka, ina jin kunyar kaina, ban kuma daina ba. Yana zaune hannunsa mai lafiya a kan gwiwa. Da na gaji na yi shiru, lokacin maganinsa ya yi, na ɗauko na ba shi ya sha.

Mun yi wajen sati uku ba ma magana sai ta dole. In yi masa wanka, in ba shi abinci, in koma kan kekena. Magini ya kira, na ce masa an fasa. Na yi tunanin a sayar da saman a nemi ƙasa a wani wuri, na tambaya, aka ce abin da za a samu ba zai sayi ko ɗaki ɗaya a ƙasa ba, sai can bayan gari inda ba asibiti. Na bar maganar. Rassan mangwaron sun kusa taɓa tagarsa, har ɗakin ya fara duhu da rana, kuma ko su ba dama a rage sai da takarda.

Wata safiya ina share ɗakinsa ya ce, "Uwata, kawo takarda da biro."

Na ɗauka jerin magunguna ne. Na zauna a bakin gado na ɗora takardar a kan faranti.

"Rubuta. Zuwa ga kwamitin kula da itatuwan birni. Ni, tsohon ma'aikacinku..." Ya tsaya. "A'a. Goge wannan. Rubuta, ni mazaunin gida mai lamba kaza."

Na goge na rubuta. Yana faɗa a hankali, kalma ɗaya sai ya huta, wata sai na sa ya maimaita sau uku. Ya faɗi lambar bishiyar da kaurinta, bai rage komai ba. Ya ce an auna ta bisa ƙa'ida, ba ya ƙorafi a kan ma'aikaciyar. Na ɗauka ya gama, sai ya ci gaba.

"Rubuta, shekara biyu da wata huɗu ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Rubuta, ina jin kiran salla a bakin lungu, taku arba'in ne daga ƙofar filin. Abokina mai gyaran agogo ya rasu wancan watan, aka wuce da shi ta ƙarƙashin tagata, ban iya ko miƙewa ba. 'Yata ta rufe shagonta saboda ni." Ya haɗiye yawu. "Rubuta, ina roƙo."

Na ɗago kai na dube shi. A rayuwata ban taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba, ko ga likita.

"Baba, akwai inda doka ta ce za a iya ɗaga wa mutum ƙafa?"

"Babu."

"To za su yarda?"

"A'a." Ya girgiza kai. "Irin wannan ɗari nawa suka bi ta teburina. Ban sa wa ko ɗaya hannu ba. Da na ga kaurin ya kai, ba na ma karanta sauran."

"To don me muke rubutawa?"

Ya daɗe yana kallon hannunsa da ya mutu a kan cinyarsa. Hawaye ya gangaro ta ɓarin da ba ya ji, bai san yana zuba ba, sai ni na goge masa da bakin mayafina.

"Ina so in sauka, Uwata," ya ce. "Wallahi ina so in sauka."

Hannun da yake sa hannu da shi ba ya motsi, don haka na shafa masa tawada a babban yatsan hagu, na kama na danna a ƙasan takardar. Ya ce in karanta masa daga farko. Na karanta, ya gyara mini lambar bishiyar, don na juya biyun ƙarshe. Na naɗe takardar na sa a ambulan, na matso masa da ruwa kusa da hannunsa, na ce ba zan daɗe ba.

"In akawun ya ce zai ɗora ta a sama," ya ce, ina bakin ƙofa.

Na tsaya ina jira.

Ya rufe ido. "Kada ki faɗa mini."